Kil mai noti ko kil na ciki: wanne ya fi wa mai sayen tsohon jirgin iska?

Wanda ya leƙa kasuwar tsofaffin jiragen ruwa masu tafiya da iska a Ingila, Faransa ko Amurka zai tarar galibinsu na faiba ne, wato zaren gilashi da aka ƙame da gam mai suna rezin, ƙirar tsakanin 1965 da 1990, kuma kuɗinsu da sauƙi. Faiba ba ta ruɓewa yadda katako yake yi, shi ya sa jirgi ɗan shekara 40 zai sha fenti ya fito fes kamar jiya aka ƙera shi. Tsufansa a ƙasa yake ɓuya, daidai inda kil ya haɗu da gangar jirgi.

Kil shi ne nauyin dalma ko ƙarfe da ke ƙarƙashin jirgi, wanda ke hana iska kifar da shi idan ta cika filafilai. A irin waɗannan jirage yakan kai kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari na nauyin jirgin gaba ɗaya. Jirgi mai tsawon mita 9 ko 10 yana ɗauke da kusan tan biyu a ƙasansa. Idan wannan nauyi ya rabu da jirgi a tsakiyar teku, kifewa ba ta ɗaukar minti guda. Haka ta faru da Cheeki Rafiki, ƙirar Beneteau First 40.7, a watan Mayun 2014, yana dawowa Ingila daga tsibirin Antigwa: kil ya cire a Tekun Atalantika, mutum huɗun da ke ciki duk suka rasu. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya, MAIB, ta ce mai yiwuwa karon da jirgin ya sha yi da ƙasa a baya, da gyare-gyaren da suka biyo baya, su ne suka raunana wurin da kil ke riƙe, kuma mai yiwuwa wasu daga cikin bol ɗin sun riga sun lalace.

Hanya biyu maƙera suke bi. Ko dai a zuba kil daban, a ɗaure shi da gangar jirgi da manyan bol da noti, ko kuma a ƙera gangar da aljihu mai zurfi a jikinta, a zuba nauyin a ciki, a rufe da faiba. Na farko shi muke kira kil mai noti, na biyu kil na ciki. A bakin 'yan kasuwa za ka ji cewa kil na ciki ba shi da matsala tunda ba bol ɗin da zai ci tsatsa. Rabin gaskiya ke nan. Kowanne da inda yake ciwo, kuma bambancin da ya fi damun mai saye shi ne wanne ciwon ake iya gani kafin a biya kuɗi.

Kil mai noti: ƙarfen zubi ko dalma

Tambayar farko ita ce da me aka zuba shi. Mayen ƙarfe zai ba ka amsa nan take: ya kama, ƙarfen zubi ne, bai kama ba, dalma ce. Maƙeran Turai irin su Westerly, Beneteau da Jeanneau sun fi amfani da ƙarfen zubi saboda araha. Na Amurka da Kanada irin su Catalina da C&C sun fi karkata ga dalma. Dalma ta fi nauyi, giram 11.3 a kowane santimita kubik, ƙarfen zubi kuwa wajen 7.2, saboda haka kil ɗin dalma ya fi siriri kuma nauyinsa ya fi sauka ƙasa. Tana da taushi, idan jirgi ya daki dutse takan lotsa ta shanye wani ɓangare na bugun. Ƙarfen zubi ba ya lotsawa, duk ƙarfin bugun gangar jirgi yake miƙa wa.

To amma a wajen bincike ƙarfen zubi ne ya fi gaskiya. A mafi yawan irinsa, rami aka huda a jikin ƙarfen aka yanka masa haƙora, aka murɗa bol ɗin a ciki. Ana iya haɗa noti biyu a kansa a kulle su da juna, a warware bol ɗaya a fito da shi, a duba shi da ido daga sama har ƙasa, a mayar ko a sa sabo. Aikin yini ɗaya ne idan bai ƙi fita ba. A kil ɗin dalma kuwa, bol ɗin an lanƙwasa ƙarshensa kamar ƙugiya, an jera su a cikin mazubi, sannan aka kwarara narkakkiyar dalma a kansu. Ba su fita har abada sai an narka dalmar da ke kewaye da su. Abin da kake gani a cikin jirgi, wato noti da ɗan kan bol, shi ne kawai rabonka.

Kuma wannan ɗan kan da ake gani shi ne ya fi yaudara, musamman idan bol ɗin sitenles ne, lamba 304 ko 316. Abin da ke kare sitenles wata siririyar fata ce da ke samuwa a jikinsa idan yana shan iska. Inda ruwan gishiri ya kwanta babu iska, fatar takan mutu, ƙarfen ya fara cinyewa rami-rami. Wurin da ya cika wannan sharaɗi shi ne tsakiyar bol, inda ya ratsa faiba ya shiga kil. Sai ka ga noti yana ƙyalli a sama, alhali santimita biyar a ƙasansa bol ɗin ya tsuke kamar ƙugun zanzaro. Lissafin ba daɗi: bol mai kaurin milimita 25 da ya cinye ya koma 18 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, domin ƙarfin yana bin faɗin fuskar ƙarfen ne, ba kaurin kawai ba. Bol na baƙin ƙarfe mai rufin tutiya ya fi muni a ido, yana yin tsatsa ja ɓaro-ɓaro, amma ba ya ɓoye halinsa, kuma sau da yawa idan aka kankare tsatsar akan tarar da sauran ƙarfe mai yawa. Bol na tagulla mai silikon ko na Monel, wani haɗin nikel da jan ƙarfe, a cikin dalma su ne suka fi daɗewa, kuma wanda ya same su a tsohon jirgi ya yi sa'a. Tagulla a cikin ƙarfen zubi kuwa kuskure ne, domin a ruwan gishiri ƙarfen ne zai riƙa cinyewa a kewayenta.

Tsagar da ake kira murmushi

A tsofaffin jirage masu kil mai noti da wuya ka rasa 'yar tsaga a layin haɗin, musamman ta gaba, tana lanƙwasa sama kamar bakin mai murmushi. Ta yi suna a jiragen Catalina da C&C har masu jirage suka laƙaba mata sunayensu. Ita kaɗai ba hujjar gudu ba ce. Faiba tana motsi, dalma ba ta yi, kwaɓin da aka shafe layin da shi kuma busasshe ne, dole ya tsage. Abin dubawa shi ne me ke fitowa daga cikinta. Busasshiyar tsaga mai kaurin gashi wadda ba ta canzawa, gyaranta kankarewa ne da cikewa da gam ɗin ifoksi mai ɗan laushi irin G/flex. Tsagar da ke zubar da ruwa kwana biyu ko uku bayan an fito da jirgi tudu, ko take da zanen tsatsa yana gangarowa a jikin kil ɗin dalma, labari ne daban. Dalma ba ta tsatsa. Jan ruwan daga bol yake fitowa.

A Catalina 30 na kafin ƙarshen shekarun 1980 akwai sanannen dalili: an sa katakon filawud a cikin kututturen da kil ke ɗaure a kai, tsakanin faiba da faiba. Ruwan da ke kwanciya a gindin jirgi yakan bi ramin bol ya jiƙa katakon, ya ruɓe, noti ya rasa abin da zai danna. Duk yadda aka ɗaure, bayan 'yan watanni ya sake saki. Maganinsa a yanke faibar sama, a ƙwaƙule katakon duka, a maye gurbinsa da faiba zalla, a sa faffaɗan farantin ƙarfe a ƙarƙashin noti. Aiki ne mai ƙura da ciwon baya, amma mai jirgi mai haƙuri yana iya yinsa da hannunsa.

Gwajin da ya fi kowanne amfani kyauta ne, sai dai a kasance a wurin lokacin da ƙugiya ta ɗaga jirgi. Yana rataye a majanyu, mutum biyu su tura ƙasan kil gefe da ƙarfi, wani ya sa yatsa a kan layin haɗin, wani kuma yana ciki da tocila yana kallon noti. Bai kamata layin ya buɗe ya rufe ba. Daga nan a sauke jirgin a hankali har nauyinsa ya hau kan kil. Idan ruwa ya tsarto daga layin, akwai rata a ciki. Idan gangar jirgi ta bayan kil ta lotsa sama, haƙarƙarin ciki ya saki.

Wannan na ƙarshe shi ya fi bol haɗari, kuma shi aka fi mantawa. Idan jirgi na gudu ƙasan kil ya daki dutse, kil ɗin yakan juya kamar sakata: gabansa ya fizgi ganga ƙasa, bayansa ya soki ganga sama. Saboda haka ɓarnar takan taru a bayan bol na ƙarshe. A ɗaga duk allunan daɓe, a share ruwa da mai, a duba inda haƙarƙari ya manne da ganga. Farin layi a jikin faiba, tsaga a kusurwa, ƙofar ɗaki da ta daina rufuwa daidai, ko sabon fenti a gindin jirgi shi kaɗai alhali ko'ina tsoho ne, duk alamu ne. A jiragen da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa sama, da yawa haƙarƙarin nan guda ɗaya ne da aka zuba daban aka liƙa da gam a cikin ganga. Gam ɗin yana iya rabuwa a ƙasa ba tare da komai ya nuna a sama ba. Ana bi da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa: inda ya manne ƙarar takan fito tsaf, inda ya rabu sai ka ji ta kamar an bugi ƙwarya. Ko wannan ma ba ya kama komai, kuma irin ginin da Cheeki Rafiki ke da shi ke nan.

Noti kuma a taɓa shi ne kawai idan jirgi yana tudu, nauyinsa na kan kil. Ɗaya bayan ɗaya: a kwance, a ɗaga washa, a goge haƙoran da burushin waya, a duba ko faibar da ke ƙasa ta lotsa ko ta jiƙe, a shafa maganin hana kamewa irin Tef-Gel domin sitenles kan sitenles yakan cije ya ƙi gaba ya ƙi baya, sannan a ɗaure da sifana mai awo. Adadin ɗaurin daga maƙerin jirgin ake nemansa ko ƙungiyar masu irin jirgin, domin ya danganta da kaurin bol, irin ƙarfensa, da ko an shafa mai. Notin da ke ta juyawa bai kai awo ba yana faɗin ɗaya daga cikin uku: bol ya kusa tsinkewa, ƙugiyarsa ta saki a cikin dalma, ko abin da ke ƙarƙashin washa yana murƙushewa.

Na'urar da ke leƙa cikin ƙarfe da sauti, wadda ake ɗorawa a kan bol, tana iya nuna karaya a miƙaƙƙen bol idan an goge kansa ya yi sumul, amma ƙananan ramukan tsatsa sukan kuɓuce mata. Hoton eksire ba ya ratsa dalma, sai dai ɗan wurin da bol ya bi ta cikin faiba. Tabbaci ɗaya ne: a sauke kil. A cire sandar filafilai, a tokare kil, a kwance noti duka, a yanke gam da zarto da weji, a ɗaga ganga santimita 20 zuwa 30, a ga tsakiyar kowane bol ido da ido. Idan suna da lafiya sai a wanke fuskokin biyu, a shimfiɗa sabon gam irin Sikaflex ko 3M 5200, a mayar. Idan sun cinye a kil ɗin dalma, ko dai a huda sababbin ramuka kusa da tsofaffin a kafa ƙarin bol, ko a kai kil ɗin maƙera a narka a dasa sababbi. A ƙaramin tsohon jirgi, wannan na biyun yana iya lashe abin da ya kai kuɗin jirgin kansa.

Masu kil biyu irin Westerly Centaur, wanda aka ƙera fiye da 2,400 daga 1969 zuwa 1980, nasu ciwon daban ne. An yi su ne don su zauna a kan laka idan ruwa ya janye, kuma kil biyun, kamar ƙafafu, a buɗe suke kaɗan. Shiga laka da fita sau biyu a rana shekara da shekaru yana tura su waje yana jawo su ciki, har kututturen ya gaji. Da yawa an riga an ƙarfafa su daga ciki. A tambaya, a kuma duba aikin.

Kil na ciki

Nan babu layin haɗi, babu bol, kuma nauyin ba zai faɗo ba sai fatar faibar ta yage. Jirage irin Contessa 32, Cape Dory da Alberg 30 duk haka suke. Yawancin irin waɗannan kil ɗinsu dogo ne, gabansa a kwance, saboda haka idan suka hau ƙasa sukan zame sama maimakon su tsaya cak. Wannan fa'ida ce ta gaske ga mai yawo a ruwa mara zurfi.

Sai dai abin da ke dukan dutsen yanzu faiba ce, ba ƙarfe ba. Ta fashe, ruwa ya shiga aljihun. Daga nan komai ya danganta da abin da maƙeri ya zuba a ciki, kuma ba ka ganinsa. Idan dunƙulen dalma ne da aka zagaye da rezin, kamar na Contessa 32 da Cape Dory, ruwan zai zauna ne kawai, dalma ba ruwanta. Idan ƙarfe ne, kamar na Alberg 30, ko tarkacen ƙarfe da aka kwaɓa da siminti kamar yadda wasu maƙera suka yi don rage kuɗi, tsatsa za ta fara, kuma tsatsa tana cin wuri ninkin ƙarfen da ta fito daga gare shi sau da yawa. Duk wanda ya ga rodi ya kumbura ya fasa kankaren gini ya san abin da zai biyo baya. A ƙasashen sanyi akwai ƙarin masifa: jirgi yana tudu da hunturu, ruwan da ke ciki ya daskare, ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya buɗa fatar kaɗan. Baɗi ruwan da zai shiga ya fi na bana.

Ba ta waje kaɗai ruwa ke shiga ba. Murfin faibar da aka rufe nauyin da shi a gindin jirgi sau da yawa siriri ne, kuma wani mai jirgi a baya yana iya huda shi da sukuru don kafa famfo. Jirgin da bai taɓa dukan komai ba ma ana samun aljihunsa cike da ruwa ta wannan hanya.

Binciken nasa da guduma ne da haƙuri. A manna mayen ƙarfe mai ƙarfi a gefen kil don a san ƙarfe ne ko dalma, domin takardar talla ba kullum take faɗin gaskiya ba. A ƙwanƙwasa gefe biyun tun daga sama har ƙasa, a zagaye duk inda ya yi ƙarar ƙwarya da alli. 'Yan ƙananan wurare ba abin damuwa ba ne, tun daga maƙera ake barin irinsu. Faffaɗan wuri mai kumburi, ko tsaga a tsaye mai jan ruwa, shi ne abin tsoro. A sa a ɗaga jirgin a leƙa tafin kil, inda yake zaune a kan katako, domin nan ne ɓarna ke ɓuya kuma nan ne ba wanda ke shafa wa fenti. Na'urar auna danshi ba ta da amfani sosai a nan, ƙarfen ciki yana ruɗa ta. Idan mai jirgi ya yarda, a huda rami na milimita 6 a can ƙasa. Busasshiyar ƙura ta fito, madalla. Farin ruwa ya fito, a bar shi ya tsiyaye. Baƙin ruwa ko ja mai wari ya fito, ƙarfe na ci a ciki.

Gyaran fatar aiki ne da duk mai iya faiba zai yi: a huda ramuka a bar shi ya bushe, wanda kan ɗauki makonni ko watanni, a goge bakin ɓarnar da giranda a kwance, faɗin gangaren ya ninka kaurin fatar sau 12, wato fata mai milimita 12 tana son kusan santimita 15 ta kowane gefe, a shimfiɗa sabuwar faiba da ifoksi, a cike ramukan ciki kaɗan-kaɗan domin ifoksi mai yawa a wuri ɗaya yana ɗaukar zafi har ya fasa. Amma idan ƙarfe da siminti sun riga sun kumbura sun rugurguje, babu gyara mai araha. Sai an fasa daɓen jirgi an haƙe su da hannu.

To wanne za a ɗauka?

A ganinmu, ga mai kuɗi kaɗan da ke son yawo da iyali ko doguwar tafiya ba tsere ba, kil na ciki mai dalma shi ne kan gaba, muddin tafinsa lafiya. Na biyu, kil mai noti na ƙarfen zubi wanda bol ɗinsa ke fita, a kan ganga mai haƙarƙarin da aka ɗaure da faiba ana ganinsa. Zai dame ka da tsatsar jiki duk shekara, sai an kankare shi har farin ƙarfe an shafa ifoksi cikin 'yan sa'o'i kafin ya sake yin ja, amma wannan ɓacin rai ne kawai, kuma za ka iya zare bol biyu, na gaba da na baya, ka san inda kake.

Kil ɗin dalma mai bol ɗin sitenles ya fi su duka daɗin tuƙi, kuma dubbai suna yawo lafiya. Sharaɗinsa shi ne layin haɗi busasshe, gindin jirgi busasshe, noti ya kai awo. Jirgin da ya yi rayuwarsa a ruwan daɗi, kamar manyan tafkunan Amurka da Kanada, ya fi wanda ya shekara 40 a ruwan gishiri mai ɗumi samun uzuri. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan ya faɗi, a nemi farashin sauke kil a rubuce daga ma'aikatar gyara, a cire shi daga kuɗin jirgin kafin a yi ciniki.

Biyu ne muke ba da shawarar a bari: kil na ciki mai ƙarfe da siminti wanda ya riga ya kumbura, da jirgi mai siririn kil mai zurfi da haƙarƙarin liƙi wanda aka san ya daki ƙasa da ƙarfi, babu takardar wanda ya gyara da yadda ya gyara. Ko a wane hali, a ɗauki safiyon jirgi, wato ƙwararren mai binciken lafiyar jirgi, wanda kai ka biya shi, ba mai sayarwa ba, a gaya masa tun farko cewa kana son ya kasance a wurin lokacin ɗagawa da lokacin saukewa. Mai niyyar shiga manyan tseren teku kuma ya sani cewa tun 2022 dokokin World Sailing, hukumar tseren jiragen iska ta duniya, suna neman shaidar an binciki kil cikin watanni 24 kafin tseren, kuma a sake binciken duk lokacin da jirgi ya daki ƙasa.